Ko An Yi Ruwa a Tambuwal?

Tambuwal, 20 ga Janairu, 2024

Zuwa ga ƙanwata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida. Ya ƙafar Inna, ta sassauta? Mu nan lafiya lau, matata Hamdiya na gaishe ku.

Na ba Atu mai babur wagga takarda da katin waya guda na ajiye murya, tunda netwok ɗin Kebbe sai ya ga dama. Aikin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora mini ya kusa, wato shafin intanet da za mu riƙa ajiye muryoyin tsofaffinmu kafin ƙasa ta rufe su. Abokai sun ce in ɗauki manhajar da anka gama in huta, na ƙi, kin san taurin kaina. Na hau kan wani ginshiƙin gina shafin intanet da aka kira Django. Shi ya zo da harsashi da ƙofa da makulli, ni kuma nika tada ɗakunan yadda nika so: inda za a sa murya, inda za a duba ta, inda za a sake ta ga jama'a.

Ga aikinki. Ki buɗe fom ɗin da na sa miki a waya, ki ɗauki muryar Inna. Doka guda ce: mai magana ya fara faɗin sunanshi da cikakken sunan wanda zai ba da labarinshi, ke kuma ki rubuta a gurbin. In gurbin ya zauna wayam, fom ba ya karɓa. Ki sa ta fara da marigayi Baba.

Ruwaida, in gaya miki gaskiya, don Inna na ɗauki aikin ga. Ke kin tashi gabanta. Ni ɗan fari ne, tun yaye Baffa Sirajo ya kawo ni Tambuwal, kuma yau shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kallona ta yi mini magana mai tsawo ba. In na shigo ta juya kai, in na gaishe ta ta amsa ma bango. Ina son in ji muryarta ta daɗe, ko da ba da ni take ba. Abin yana ci na.

Kin ce ta sake tambaya ko an yi ruwa a Tambuwal. Ikon Allah, ruwa da rani! Tsufa dai ya zo.

Naki yaya,
Jamaluddeen

Tambuwal, 3 ga Fabrairu, 2024

Ruwaida,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Allah ya ƙara ma Inna sauƙi.

Takardarki ta iso, katin kuma ya dawo ba komai ciki. Na karanta yadda kinka matsa mata ta faɗi sunan Baba saboda fom ya ƙi wucewa, ta ce in waya ba ta da kunya ita tana da ita, ta jawo mayafi ta shige ɗaki, ta rantse ba ta ƙara magana gaban abin. Wallahi da farko fushi na yi. Na ce mutum ya rasu shekara tara, sunan nashi ma sai an ɓoye? Ta yaya jikoki za su nemo shi a shafi?

Hamdiya ce ta sauke ni. Ta aje tsintsiya ta tambaye ni, cikin shekara shidda da aurenmu, yaushe na taɓa jin sunana a bakinta. Abban Mu'minatu take ce mini, kuma ban taɓa ɓacewa ba. Ta ce ni da na sha nonon Kebbe, na zauna na gina ɗakin da uwata ba ta iya shiga sai ta tuɓe mutuncinta a bakin ƙofa. Ta yi ta mini dariya, wai boko ya ci ni har ƙashi.

Laifin ba na Django ba ne, nawa ne. Misalan da na koya da su duk mutum guda suna guda, na kwafo ban yi tunani ba. Mu ko a nan mutum guda na da sunan yanka, da wanda matarshi ka kira, da na uwarshi, da na surukai, kuma kowane na gaskiya ne.

Kwana fuɗu na yi ina rushe ma'ajiyar bayanan ina sake ɗaurawa. Yanzu kowane mutum na iya ɗaukar sunaye da yawa, kowane suna a liƙe da bakin da ka faɗin shi. In Inna ta ce Malam, shafin ya san wa take nufi, ba sai ta faɗa ba. Gurbin ma ana iya barin shi wayam. Na ƙara wani makulli na sa mishi suna Na Gida, don abin da ba a so bare ya ji.

Ki durƙusa ki ba ta haƙuri a madadina. Ki ce wanda ya yi abin ya gyara, za ta gane. Ina tsoron ta tafi da rantsuwarta, in rasa muryar da hannuna.

Yayanki,
Jamaluddeen

Tambuwal, 24 ga Fabrairu, 2024

Ƙanwata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi miki godiyar da ban san iyakarta ba. Ya jikin Inna?

Atu ya kawo katin, murya goma sha ɗaya. Ashe Inna haka ta iya zance! Na ji labarin rijiyar da Baba ya gina da 'yan'uwanshi, da shekarar da fara ta cinye geron Kebbe. Ko sau guda ba ta kama sunanshi ba, kuma ko sau guda ban ɓata ba. Duk na sa su inda sunka dace.

Sai murya ta tara. Ke kinka riƙe wayar, kin san abin da ke ciki, shi ya sa kinka ƙi gaya mini. Inda take maganar wanda ta kira mutumin Tambuwal. Ranar da anka zo ɗaukar shi, ta ce mata sun cika gida suna kallon fuskarta, don haka ba ta leƙa ƙofa ba, ta tsaya bisa turmi tana daka gero har ya zama gari, ta ci gaba da daka garin. Hular da ta faɗo mishi a zaure tana ƙasan akwatinta har yau. Ta ce uwa ba ta tambayar lafiyar ɗan fari, mutane su ce ba ta da kunya, sai ta koma tambayar duk wanda ya fito Tambuwal ko an yi ruwa. In ya ce an yi, lafiya lau garin yake, sai ta samu ta ci abinci.

Ruwaida, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Shekara da shekaru kina kawo mini tambayar ga ina mayar da ita abin dariya. Har tsufa na ce.

Na sa ma wagga murya makullin Na Gida, ba ta fita ga jama'a. Da na zo gurbin suna, na ɗora yatsu zan rubuta Jamaluddeen, sai na janye. Abin da ta rufe shekara talatin, ba ni ne zan buɗe mata shi ba. Na rubuta mutumin Tambuwal, kamar yadda ta faɗa.

Jumma'a ina tafe in Allah ya so. Zan zauna bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa ma bango, ya ishe ni. Kafin nan, ki je ki same ta. Yau wata fuɗu ko ɗigo bai sauka ba, amma ki gaya mata an yi ruwa a Tambuwal, mai yawa, ƙasa ta ƙoshi.

Naki har kullum,
Mutumin Tambuwal