Kan Giyar Mota na Tagulla

Laraba da dare, Afrilu 1986

Makon jiya na kai motata wurin Emeka mai injin sassaƙa ƙarfe a Galtimari, ya yi mini sabon kan giya. Ya ce, "Baba, a sa itacen maɗaci, ranar garin nan ba ta wasa da ƙarfe." Direbana Bitrus ma ya gyaɗa kai. Ni kuwa na kafe sai tagulla, a goge ta har mutum ya ga fuskarsa. Ni da ko giya ta ɗaya ban iya sawa ba.

Yau motar ta wuni cikin rana a gidan suna a Umarari. Da za mu tashi, Bitrus ya cire hularsa ya rufe kan giyar. Na hau shi da faɗa, wai yana ɓoye mini ado. Na fizge hular, sai na ga tafin hannunsa duk ya yi bororo.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyar, Alhaji. Na ga kana son abin ne."

Shekara goma sha bakwai yana tuƙa ni, amma har muka iso gida bakina ya kasa ba shi haƙuri. Abin da na iya ce masa kawai, ya rage gudu.