Gurbin Motar Baba

Birnin Meziko, farkon Oktoba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama da Yaya Marnie. Yaya ƙugun naka? Yaya gareji? Na san yanzu ana tonon dankali, kowane manomi a kwarinmu na Idaho ya jawo matacciyar taraktarsa ya jibge maka, kuma jiya-jiya yake son kayansa.

Na iso makarantar horar da 'yan mishan lafiya. Da takarda nake rubuto maka don na san kai da imel ba kwa ga maciji. Ranar da muka sauka aka maƙala mini baƙin bajo a ƙirji, an rubuta Dattijo Mecham. Haka ake kiran kowane namiji a nan, har da ni da gemuna bai gama shawarar fitowa ba. Yi dariyarka, na yafe.

Da sassafe muke tashi, a yi addu'a, a motsa jiki, sai karatun Littafin Mormon na cocinmu da Sifaniyanci har kai ya ɗau zafi. Abinci wake ne da shinkafa da tortiya, wata irin gurasar masara. Cikina ya ɗan yi mini tawaye, amma mun shirya. A bayan katanga kullum ana harba wasan wuta, ranar farko har na nemi ƙarƙashin tebur.

An haɗa ni da abokin tafiya, Dattijo Hulet, kuma ɗan kwarinmu ne. Babarsa ce mai shagon gyaran gashin nan da Mama ke zuwa. Doka ta ce kada ɗaya ya ɓace wa ɗaya daga ido, banɗaki kawai ke raba mu. Minsharinsa sak injin ban-ruwa, amma yana da kirki.

Abin da ya fi wuya shi ne gwaji. Malaminmu, Malam Zepeda, sai ya cire laktaye, ya ɗora wata tsohuwar hula, ya shige wani ɗan ɗaki ya zama Don Anselmo, tsohon direban bas da bai san komai game da cocinmu ba. Mu kuma mu ƙwanƙwasa, mu shiga mu yi masa wa'azi. Mun san wasa ne, shi ma ya sani, amma gumi muke yi. Sai ya yi ta hamma yana duba agogo, ya ce, "Samari, har yanzu ba ku zo wurin da za ku tafi ba?" Jiya don ya daina hamma na ɗan ambace ka. Ba wani abu ba ne, zan ba ka labari wata rana.

Takalmin da ka saya mini ya daina cizo. Ina goge shi yadda ka koya mini.

Ka gaida Mama. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Kolter

Birnin Meziko, tsakiyar Oktoba

Yaya Marnie,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya su Mama? Saƙonki ya iso, na gode. Wannan tsakanina da ke ne, don Allah kada Baba ya gani.

Na ce wa Baba na ɗan ambace shi a gwaji. Ba ɗan ambato ba ne. Sifaniyancina bai wuce cikin cokali ba, don haka da guntun jimloli na faɗa wa Don Anselmo. Na ce ubana makanike ne. Duk Lahadi yana zaune a cikin akori-kurarsa a bakin coci da filas ɗin gahawa, abin da cocinmu ya hana. Ƙofa a buɗe take, ba ya shiga. Na ce ina tsoron ranar da iyalinmu za su taru a gaban Allah a tarar da kujera ɗaya babu kowa. Yaya, mutumin nan ya cire hula ya yi hawaye, hawaye na gaske. Muna fita Hulet ya doki kafaɗata ya ce, "Kai, mutumina, ashe ɗan duniya ne kai! Ai ka samu makami."

Tun daga nan na ba da labarin a aji, na ba da shi a wurin cin abinci, kuma duk bayarwa sai na ƙara gishiri. Shekaranjiya na ji bakina yana cewa ko jawabina na bankwana a cocinmu na gida Baba bai zo ji ba. Ke kin san ƙarya ne. Yana tsaye a zauren shiga, ƙarƙashin lasifika, hularsa a hannu. Ta gilashin ƙofa na hango shi.

Abin da nake cirewa ya fi abin da nake ƙarawa muni. Ban taɓa cewa shi yake kai mu cocin ba, shi ya sa yake zaune a wajen. Ban ce duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka shi ke ɗaura wa motarsa garma ya share filin ajiye motocin cocin kafin kowa ya zo ba, kuma ba wanda ya sa shi. Ban ambaci Wade ba. Ban ce ranar jana'izar ƙanenmu, bayan an tsamo shi daga magudanar ban-ruwa, wani ya riƙe hannun Baba ya ce Allah ya fi mu bukatar yaron, Baba ya zare hannunsa ya fita, bai sake zama a benci ba. Da farko na ce ai ban san kalmomin ba ne. Yanzu na san kalmomi da yawa, amma na ga in na saka su labarin ba ya sa kuka.

Malam Zepeda ya tare ni bayan aji, ba hula, ya ce, "Dattijo, mahaifinka ya san kana ba da wannan labari?" Na ce ai ba zai damu ba. Ya ci gaba da goge allo.

Yanzu an ce ranar Lahadi ta sama ni zan tsaya a mumbari in ba da shi gaban kowa. Ya kamata in ce a'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗinsa nake ji. A aji ni ne na baya a harshe, amma da wannan labari kowa ya san sunana. In na durƙusa addu'a sai in ga motar Baba, sai addu'ar ta maƙale.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Kolter

Birnin Meziko, farkon Nuwamba

Yaya Marnie,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ni dai tun da na karanta saƙonki ban iya cin abincin kirki ba. Duk abin da kika kira ni na karɓa, har da wanda kika goge.

Na tambayi Hulet, bai musa ba. Ya saka labarin a imel ɗinsa na mako, kamar yadda kowa ke rubuta wa gida abin da ya ƙarfafa masa bangaskiya. Bai san babarsa za ta buga shi a takarda ta manna a jikin madubin shago ba, balle a ɗauka a karanta a taron mata na coci Mama tana zaune. Ya ce ai bai sa suna ba. Na ce a kwarinmu mutum nawa ne ke zama a mota a bakin coci? Ya ce, "Ni fa yabonka na yi! Da ƙarya ce me ya sa ba ka faɗa mini ba?" A ko'ina in ka yi faɗa da mutum sai ka ba shi wuri, a nan kuwa haka muka jera muka tafi cin abinci, muka dawo muka durƙusa gefe da gefe. Ba ni da bakin ganin laifinsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai wannan karon Baba ruwan ya doka.

Na kasa daina ganin abin da kika kwatanta. Matan nan sun fito da farantin kek sun ƙwanƙwasa masa gilashin mota, suna cewa, "Muna yi maka addu'a, Ɗan'uwa Mecham." Shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, bai san dalili ba, sai da ya je gida Mama ta miƙa masa takardar. Kika ce ya karanta a tsaye, ya ninke, ya ce yaron ya iya magana, ya fita gareji.

Kika ce Lahadin da ta biyo ya sauke ku a ƙofa ya juya mota ya tafi. Yaya, Lahadin ce na hau mumbari. Na ba da labarin da gishirinsa duka, 'yan mata suna share hawaye, ni kuma kaina yana kumbura. Tun rasuwar Wade, duk Lahadi wurin nan na ƙarƙashin bishiya a bakin coci bai taɓa zama babu motar Baba ba, sai da na buɗe baki.

In da waya ce da na kira shi, amma kin san doka, sai Kirsimeti. Zan rubuta masa. Ki ce wa Mama ta yafe mini, kunya ta hana ni rubuta mata tukuna.

Ƙanenki,
Kolter

Birnin Meziko, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙugu ya yi sauƙi, sanyi kuma bai matsa maka ba. Jibi za a tura mu garin Puebla mu fara aiki na gaske, ban so in bar nan ban rubuto ba.

Ka karanta abin da na faɗa a kanka, ba sai na maimaita ba. Hulet ya rubuta, amma bakina ne. Na ce ba ka zo bankwanata ba, alhali na gan ka. Na ɗauki zamanka a mota, wanda don mu kake yi, na mayar da shi abin sa baƙi kuka don a ce na iya wa'azi. An turo ni in koya wa mutane gaskiya, kuma da ƙarya a kan ubana na fara. Na ci amanarka, Baba, ina jin kunyarka.

A gwajinmu na ƙarshe na shiga wurin Don Anselmo na ce labarin da na ba shi rabi ne. Na riga na nemo kalmomin garma da magudana da jana'iza a ƙamus. Na faɗa masa komai, har da Wade. Bai yi kuka ba wannan karon. Ya cire hular yana jujjuya ta, sai Malam Zepeda ya yi magana da muryarsa ta kansa. Ya ce hular ta mahaifinsa ce, Anselmo sunansa, yana nan da rai yana tuƙa bas, kuma bai taɓa taka cocinmu ba. Ya ce, "Na tambaye ka ko naka ya sani. Nawa ma bai san ina sa hularsa ba." Ranar Lahadi na tashi a taron ba da shaidar bangaskiya a coci na gyara maganata gaban kowa. Ba wanda ya share hawaye, wasu ma agogo suke dubawa. Hulet ya rubuta gyaran ya aika wa babarsa, sai dai ban sa rai za a manna wannan a madubi ba.

Yaya Marnie ta ce dusar farko ta sauka daren Asabar. Ta ce da suka isa coci sun tarar an share filin fes, har matakalar da tsofaffi ke bi an watsa mata gishiri. Kowa ya ga sawun tayarka. Ta ce wurin nan na ƙarƙashin bishiya ma ka share shi, sannan ka tafi gida, kuma ba wanda ya iya ajiye mota a ciki.

Tun ina yaro nake roƙon Allah ka shigo ka zauna kusa da Mama. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ina so. Amma ba shi nake roƙonka ba yau. In Mama tana waƙar yabo ta saba ɗaga kai ta leƙa taga ta uku, na sha kama ta tana yi. Yanzu in ta leƙa bishiya kawai take gani, kuma ni na jawo mata. Ko ba za ka yafe mini yanzu ba, don Allah ka koma wurinka. Ka tafi da filas ɗinka, ka kunna rediyonka, in an ƙwanƙwasa gilashi kada ka sauke.

Ranar Kirsimeti zan kira. In ba ka son magana, ka ɗauka ka yi shiru, zan gane numfashinka.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Kolter