An Daina Ɗaukar Aiki da Goro

Zongo, Kwatano
4 ga Mayu, 1979

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Yaya zafin Malanville?

Inna, maganar aikin buga takardu a biron gunduma, wato ofishinta, ta zo da gardama. Kawu Muhuyi ya rufe shagonsa na kasuwar Dantokpa, ya zuba babbar riga, ya ɗauki ƙwaryar goro muka nufi wajen shugaban gunduma, yadda aka saba. Mutumin ya tarbe mu da fara'a, amma goron ko taɓawa bai yi ba. Wai yanzu ko mai shara ba shi da ikon ɗauka. Gwamnati ta tattara komai a ma'aikata ɗaya, sai an zauna konkur, wato jarrabawa, sannan a tura waɗanda suka ci duk inda aka ga dama. Kawu yana ta zuba masa "ranka ya daɗe", shi kuwa yana gyara masa wai "kamarad", wato abokin gwagwarmaya. Da ƙyar na danne dariya.

To can ma'aikatar wa muka sani? Kawu ya ce in na faɗi sai awon yadi a shago, karatuna ya bi ruwa ke nan. Na dai ba da sunana. Tsoro nake ji, ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Nimatou

20 ga Agusta, 1979

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, albishirinki. An liƙa sunayen waɗanda suka ci, ni ce ta tara, ba tare da kowa ya tsaya mini ba. Kawu yana ta yawo a kasuwa kamar shi ya rubuta.

Ouidah aka tura ni, bakin teku, nan kusa da Kwatano. Ina tsaye gaban allon sai na ji wata 'yar unguwar Akpakpa ta nan Kwatano, Philomène, tana sharɓar kuka, wai an jefa ta ƙarshen duniya, inda ba kifi sai rana. Na leƙa takardarta, sai ga Malanville. Garinmu fa, Inna, a bakin kogi, wai ba kifi. Na haɗiye haushina na ba ta kallabina ta share ido. Nan take muka rubuta takardar neman musanya, yau aka amince.

Ran Litinin mai zuwa zan hau jirgin ƙasa zuwa Parakou, daga nan mota. Ki sa a share mini ɗakin baya. Shekara tara ina zuwa miki hutu kamar baƙuwa, wannan karon zama na zo yi.

A gaida kowa da kowa. Sai na iso.

'Yarki mai kewarki,
Nimatou