Butar da Inna ke ajiye wa Nasiru

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ya aiki, ya Ikko, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gagarawa lafiya lau.

Albishirinka! Ka san ƙanenmu Nasiru ya daɗe da sakin salla. Inna ta daina faɗa, ta ce Musulunci kyautar Allah ce, ba a ɗura wa mutum. Sai dai kullum da asuba ta cika buta ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ranar Juma'a na fito shara, na tarar butar ba ruwa, ƙasa a jiƙe. Yana masallaci, Yaya!

Kada ka yi masa zancen, ka dai taya mu addu'a. Yanzu da kansa yake cika butar.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza