In Sun Rufe, Ina Za Su Kai Min Shi?

Ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Maryam da yara, ya zaman ƙasar mutane? Mu nan Fagge lafiya lau, sai kewarka.

Ka ji gwamnati na neman rufe manhajar da kake saka bidiyon ɗinkinka? Wani gidan rediyo ya ce har an rufe, wani ya ce magana ce kawai. Maman Ngozi ta Sabon Gari, maƙwabciyata a kasuwa, ta ce jaridar da ta karanta daban ta faɗa. Sun ji ta bakin malamai da 'yan siyasa, sun yi ta maganar masu rawa, amma babu ɗan jaridar da ya leƙo ya ga Inna. Ita ba ɗinkin take kallo ba, hannunka take kallo, tana cewa ka rame. Jiya ta tambaye ni, "Uwani, in sun rufe, ina za su kai min shi?"

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Ka daure ka zo da Sallah, ƙofar gidanmu dai babu mai rufe ta.

Yayarka,
Uwani