Jan Kwat ɗin Mama

Dutsen Kellard, Vermont, Satumba 1987

Ƙanwata Lenore,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ya kuma ɗalibanki na Boston. Bayan haka, babu daɗi. Hukuma ta ce igiyar ƙarfen da motocin hawa dutse ke rataye a kanta ta tsufa, za a rufe ƙarshen Oktoba, ba kuma za a sake buɗewa ba.

Kin san yadda muke yi da Baba tun da rikicin tsufa ya kama shi, ya manta Mama ta rasu. Kullum da safe sai ya hau motar neman Mama a shagon kofinta na kan dutse. Ma'aikatan sama su ce, "Ai Malam Armand, yanzun nan ta sauka a ɗayar motar." Ya sauko, na ƙasa su ce ta koma sama. Ya yi dariya ya ce, "Matar nan ba ta zama!" ya dawo gida ya ci abinci. To in aka rufe, me zan ce masa? Jiya ya ji zancen a wurin mai aski, na kama shi a bakin daji da takalmin gida, wai zai je ya sauko da ita.

Ki taimake ni, Farfesa. Ki zo ranar ƙarshe, ki sa jan kwat ɗin Mama, ki shiga motar da ke saukowa ya gan ki. Kowa ya san kamarku ɗaya.

Yayanki,
Royce

Boston, Oktoba

Yaya Royce,

Ina gaishe ka, a gaida Baba, in ya tuna yana da 'ya.

Abin dariya, hukumar nan ni ta roƙa in rubuta ɗan littafin tarihin da za a raba ranar rufewa. Na rubuta yadda aka kai ƙarafuna sama a bayan dawakai a 1939, da sojojin da suka koyi tafiya kan ƙanƙara can lokacin yaƙi, da amaren da aka ɗaura wa aure tsakanin sama da ƙasa. Na bayyana cewa motocin biyu, Shuɗiya da Fara, igiya ɗaya ke jan su, in ɗaya ta hau dole ɗaya ta sauka, ba sa haɗuwa sai a tsakiya, su wuce juna. Ban rubuta cewa haka auren iyayenmu ya kasance ba, shi yana jan mota, ita tana zuba kofi. Hukuma ba ta son irin wannan tarihin.

Shekara shida garin nan kaf yana yi wa tsoho ƙarya cikin ladabi, yanzu kana so in zama gawar da za ta ɗaga hannu. Ni na rufe mata ido a asibiti, Royce. Ka faɗa masa gaskiya.

Ƙanwarka,
Lenore

Dutsen Kellard

Lenore,

Gaisuwa. Na faɗa masa, kamar yadda kika koyar. Ya faɗi a ɗakin girki yana kuka kamar yau ta rasu. Gari na wayewa ya manta, ya tambaye ni ko ta tafi da kwat ɗinta, don sanyi ya fara. Sau nawa kike so in kashe masa ita? Ƙanƙara ta sauka a saman dutsen. In ya bi hanyar ƙafa, sai bazara za a tsinci gawarsa.

Ina roƙonki.
Royce

Boston, Nuwamba

Yaya,

Na iso lafiya, a gaida kowa. Kwat ɗin yana wurina, na manta ban cire ba sai a tashar jirgin ƙasa.

Kai kana gefen Baba a Fara kuna hawa, ni ina Shuɗiya ina saukowa, ba ka ga abin da na gani ba. Da motocin suka zo daidai, ya manna tafin hannunsa a gilashi. Ni da na yi niyyar ɗaga hannu kawai, sai na ji ina ihu, "Na sauko, Armand! Ka same ni a gida!" Wata mata mai kyamara ta ce, "Kai, soyayya!" Ban gyara mata ba.

Shi ya sa ban jira saukowarku ba. Da ya riƙe hannuna a ƙasa, ban san da wace murya zan amsa ba. Ina fatan dai dabararka ta yi aiki.

Lenore

Dutsen Kellard

Lenore,

Ta yi aiki. Ko kallon dutsen ba ya yi yanzu. Ya ce ta sauko, da idonsa ya gani, har ta ce ya same ta a gida. Gida-gida yake bi yana ƙwanƙwasa ƙofa. Shekaranjiya direban motar katako ya tsince shi a babban titi. Ya daina cin abinci, wai sai ta dawo su ci tare.

Royce

Boston

Yaya Royce,

Na nemi hutu a jami'a. Ina zuwa ranar Juma'a, da kwat ɗin. Ka sa faranti uku.

Kada ka faɗa masa wace ce ke zuwa, ni ko Mama. Ni ma sai na isa bakin ƙofa zan sani.

Ƙanwarka