Ɗamarar Fiton Inna

Nandom, ranar kasuwa

Ƙanena Bayuo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan sai godiya, in ban da jikin Inna. Ba ta iya tashi yanzu, tuwo ma sai dai ta bi shi da ido. Abin da kawai take nema shi ne fitonta, giyar dawar nan da take dafawa, shi ne kuma ba mu da shi.

Ka san ɗamararta, saƙaƙƙiyar igiyar nan da take tsomawa a tukunya don fito ya tashi, wadda ta gada wurin kakarmu. Abena, amaryar autanmu, ta gan ta rataye ta yi fari da busasshen kumfa. 'Yar kudu ce, ba ta sani ba. Ta ɗauka dauɗa ce, ta dafa ta da sabulu ta shanya, irin da ke jikinta mai tayar da fito ya mutu. Ta kawo mana ita fes tana murmushi, ni kuwa ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba. Ban yi mata faɗa ba, alheri ta nufa.

Na aro iri a maƙwabta na dafa. Inna ta kurɓa ta kau da kai, ta ce, "Wannan na matar kafinta ne, tun muna 'yan mata nata tsami yake yi. Ina nawa?"

Na daɗe ina yi maka dariya, ina kiranka ƙanwata mai gemu. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Guntun ɗamarar da Inna ta yanka ta jefe ka da shi, ran da ka ce kana son koyon dahuwar fito, yana nan? In yana da rai, ka taimake mu.

Ka gaida mutanen gida.
Yayarki, au, yayarka,
Derpog

Kumasi

Zuwa ga Yaya Derpog,

Gaisuwa da girmamawa. Saƙonki ya same ni, kuma tun daga lokacin hankalina yana gida.

Guntun yana nan da ransa. Ban manta abin da Inna ta faɗa da ta jefo mini shi ba: "Ɗauki, je ka Kumasi ka ɗaura zane." Tun daga ranar, in na zo gida, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, kuma abin yana yi mini ciwo har yau. Zanen dai ban ɗaura ba, amma duk Asabar ina hura wuta a bayan gidana in dafa fito. Ba na sayarwa. Mu sha da abokan aiki, sauran lokacin in zauna ina sauraron tukunya tana tsuwa, sai in ji kamar ina tsakar gidanmu. Matata ta gaji da mitar hayaƙi ta haƙura.

Na ba direban motar Nandom shi a cikin gwangwani. Duka na aiko, don bai fi tafin hannu ba, in na raba shi saƙar za ta warware. Ki bari ruwan ya huce sosai kafin ki tsoma. Na san kin fi ni sani, ki yi haƙuri, shi ke nan gare ni.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ki gaya mata daga inda ya fito. Ina tsoron ta ƙi sha.

Allah ya ba ta sauƙi.
Ƙanenki,
Bayuo

Nandom

Bayuo,

Ina gaishe ka. Gwangwani ya iso, har da darasin da ka haɗo mini, malam. Na dafa jar dawa, na tace, na bari ya huce kamar yadda ka umarta, sannan na tsoma guntun. Da gari ya waye kumfa ya cika bakin tukunya, ƙamshin ya sa na yi kuka ni kaɗai.

Abena ce ta tallafi kan Inna, ni na riƙe ƙoƙo. Ta kurɓa, ta sake kurɓa. Sai ta ce a kawo mata abin da aka tsoma. Ta shafa shi da yatsu har ta kai wurin da wuƙa ta bi.

Na ce, "Inna, a ajiye yake, mun tsince shi a akwati."

Ta ce, "Ke Derpog, da furfurarki kike ƙarya? Ɗamara ba ta rayuwa a akwati. Wanda ya riƙe wannan bai taɓa barin ta da yunwa ba."

Ta shanye ƙoƙon tas. Can ta ce, "Ki gaya wa yaron nan, in na tafi kada a ba baƙina fiton aro. Shi zai tsaya a kan tukunyata."

Na ce, "Namiji, Inna? A makoki, gaban duk dangi? Mutane za su yi magana."

Ta ce, "Su yi. Ba da baki ake juya tukunya ba."

Ka nemi izini a wurin aiki ka taho. Ba ta ce tana son ganinka ba, ka san halinta, amma duk motar da ta tsaya sai ta tambaya ko wane ne.

Yayarka,
Derpog

Nandom

Ƙanena,

Gaisuwa da haƙuri. Inna ta cika jiya da hantsi, ba ta wahala ba. Na san wasiƙata ta baya ma da ƙyar in ta iso hannunka.

Dangi sun yarda, makoki sai ka zo. Na jiƙa dawar, ta fara tsiro. Muciyarta tana jingine inda ta bar ta, ban bari kowa ya taɓa ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Derpog